Ascon a kan ƙaramin allon FPGA: wurin da SPI ke cinyewa

Na sayi allon FPGA, wato allon lantarki da mutum ke tsara da'irar cikinsa da kansa, mai gurbin lissafi 1280 don na'urar auna danshin ƙasa da nake haɗa wa masu lambu a Jiratawa, kusa da Maradi. Na'urar tana aika saƙo ta rediyo zuwa famfo mai aiki da hasken rana, kuma ba na son wani ya aika saƙon bogi ya kunna famfon mutane. Shi ya sa na zaɓi Ascon, tsarin ɓoye bayanai mara nauyi da hukumar NIST ta Amurka ta zaɓa a 2023.

Allon kansa ya yi mini. Bai cika shan batir ba, kuma zafin watan Afrilu na Maradi bai taɓa tsayar da shi ba.

Abin da nake so masu saye su sani shi ne lissafin wuri. Abin da Ascon ke riƙewa a cikinsa yayin aiki bit 320 ne (bit shi ne ƙwayar bayani ɗaya, 0 ko 1), mabuɗinsa na sirri kuma bit 128. A irin wannan allo kowane gurbi bit ɗaya yake riƙewa, wato 448 sun tafi tun kafin a fara aiki. To bayanin ta ina zai shiga? SPI, hanyar shigar da bayani cikin allon da fitar da shi, waya huɗu ce, bit ɗaya-ɗaya take kawowa. Na ware ma'aji na bit 128 da zai tara masu shigowa, wani 128 na masu fita, ga mu a 704, ba a ma sa da'irar da ke tsara shiga da fita ba. Kuɗin dako ya kusa kamo kuɗin kaya. AXI kuwa, wata hanyar ta daban mai tashoshi biyar da faɗin bit 32 a ƙaramin nau'insa, ban ma kusance shi ba; na manyan alluna ne. Wata hanyar kuma, I2C, waya biyu kawai take so, amma sai an yi mata da'irar gane adireshi da amsa kowane bayit, wato bit 8.

Daga baya na cire ma'ajin biyu, bayit na isowa sai ya shige cikin Ascon kai tsaye. Gudu ya ragu, amma danshin ƙasa ba ya sauyawa cikin daƙiƙa.

Rediyon ma yana biyan nasa. Awon danshi bayit 4 ne, sai Ascon ya ɗora masa bayit 16 na lambar da ba a maimaitawa da wasu 16 na hatimin tabbatarwa. Wannan ban taɓa shi ba, domin hatimin ne ke kare famfon. Duk mai son SPI da cikakken ma'aji, ya ƙara kuɗi ya sayi allo mai gurbi 5280.