Bakan zamani na jika 65: ya isa koyo, bai isa gasa ba

Mai shagon ya rantse mini cewa irinsa ake harbi da shi a gasar Olamfik. Ba haka ba ne, kuma ko da ya faɗi gaskiya da na saya, domin bakan ya ci kuɗinsa. Shagon kayan wasanni ne a gefen babbar kasuwa, inda na saba sayen ƙwallo da usur saboda makarantar da nake koyar da motsa jiki. Shi ya yo mini odarsa daga Sin, jika 65 har da kuɗin ɗauko.

A cikin kwalin akwai mariƙi na alminiyam, da fukafukai biyu da ake ɗaura masa da noti sama da ƙasa, da tsarkiya, da kibau 6, da abin saiti, da kariyar hannu, da ɗan abin sa wa a yatsu. In an kwance shi yana shiga jakar goyo. Tsawonsa inci 66, ƙarfin jansa fam 24, wato kusan kilo 11.

A kan wannan ƙarfin jan muka fara sa-in-sa. "Haba Mushe, babban mutum kamarka, ɗauki mai fam 40 mana," in ji shi. Na ce masa ba ni kaɗai zan ja ba, har da ɗiyata mai shekara 14. Kuma ko ni kaɗai ne ba zan ɗauka ba. Mazan da ke zuwa manyan gasanni suna jan sama da fam 40, wasu har kusan 50, amma shekaru suka yi suna gina kafaɗa. Sabon shiga in ya ɗauki mai nauyi, hannu ya dinga rawa ke nan, ya saki kibiya tun bai daidaita ba don ya huta, washegari ya kasa ɗaga buta.

Ɗiyar tawa ce ma silar sayen. A waya muka kalli harbin kibiya na Olamfik ɗin Faris a 2024, inda Koriya ta Kudu ta kwashe zinare 5 ɗin da aka sa gaba ɗaya, matansu kuma suka ci gasar ƙungiya karo na 10 a jere tun 1988. Amma wasan da ya tsaya mana a rai shi ne na maƙwabcinmu ɗan Chadi, Israel Madaye, da ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda daga baya ya tashi da zinare 3. Wata kibiyar Madaye ta faɗa kan maki 1, can bakin faifan da ake harbi a kai. Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ko ni na fi haka." Da bakan ya iso sai na kai ta filin makaranta, na auna mita 70 cif, na kafa buhu. Tana ganin tazarar ta yi tsit.

Mita 70 ita ce tazarar Olamfik. Faɗin faifan santimita 122, da'irar tsakiya mai maki 10 kuwa santimita 12.2, da kaɗan ta fi tafin hannun babba. Wasan ƙarshe na maza tsakanin Kim da Brady Ellison na Amurka sai da aka je kibiya ɗaya-ɗaya, duka biyu suka sami 10, aka raba su da tazarar da ba ta wuce milimita 5 ba. To a wannan nisa bakan namu ba ya cikin lissafi. Na sauke abin saitin har ƙarshensa, kibiyar tana caka ƙasa tun kafin ta isa. Sai dai mutum ya ɗaga shi sama ya harba da fatan alheri. Ba shi da dogayen sandunan nan da ke hana baka rawa, ba shi da ɗan ƙarfen da ke yin ƙas ya sanar da maharbi cewa ja ya cika, kuma fukafukansa na noti ne, mariƙin ba zai karɓi na manyan kamfanoni ba in mutum ya so ƙara ƙarfi nan gaba.

A mita 18 kuwa, wadda ita ce tazarar gasar cikin ɗaki ta duniya da faifai mai santimita 40, ba ni da abin cewa sai yabo. Jansa da laushi, ba ya fizgar hannu, ba ya ƙara. Notin bai taɓa sassautawa ba. Wani dattijon maharbi da ke unguwarmu, wanda har gobe kwarinsa na rataye a zaure cike da kibau na kyauro, ya karɓa ya ja ya saki, ya ce, "Yaro, bakan nan ba shi da gardama." Da na nuna masa abin saitin sai ya taɓe baki ya ce mai ido biyu me zai yi da wannan. Ya harba uku ba tare da shi ba, biyu suka shiga buhu.

Inda aka yi mana ha'inci shi ne tarkacen da ke biye da bakan. Kibau ɗin na faiba ne, masu nauyi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba, don haka ko hannu ya tsaya sai ka ga ɗaya ta yi nata wuri. Zafin watan Afrilu ya narkar da gam ɗin gashin robar da ke gindinsu, suka dinga ɓallewa. Ɗaya ta bugi katanga ta tsage, na karya ta na jefar nan take, domin tsagaggiyar kibiya tana iya fashewa a hannun mai harbi. Kariyar hannun gajera ce. Ranar farko tsarkiya ta zane yarinyar a damtse, wurin ya yi baƙi, uwarta ta kusa sa bakan a murhu. Abin yatsun kuma roba ce mai santsi da gumi. Baduku na kai wa su a matsayin samfuri, ya ɗinka mana sababbi da fatar jar akuya a kan ƴan kuɗi kaɗan, kuma sun fi na kwalin nesa ba kusa ba. Igiyar da ake ɗana tsarkiya da ita ma babu, ni na haɗa tawa. Kada a ɗana shi da ƙafa yadda ake yi wa bakan gargajiya, fukafukan suna iya murɗewa.

Abu biyu na yanayinmu. In an gama harbi a sauke tsarkiya, kuma kada a bar shi a rana ko a ɗakin kwano da tsakar rana. Sannan wurin harbi: buhun shinkafa da aka danƙare da tsummoki da leda yana tare kibiya sarai, amma a jingina shi da katangar ƙasa, a wurin da yara da awaki ba sa giftawa. Fam 24 ba wasa ba ne in ya sami mutum.

Kwanan nan mai shagon ya fara tallata mini baka mai ƴan tayoyi a bakinsa biyu, wai shi ne sabon yayi. Gaskiya ne irinsa zai shiga Olamfik a karon farko a 2028 a birnin Los Anjalas, amma in tsarkiyarsa ta tsinke sai da na'urar matse shi, ni kuwa na zaga ban ga mai ita ba. Ko ta wannan ɗin da na saya babu ta canji a shagon, haka ma kibau, komai sai an jira wata oda. Wanda zai saya ya sa a haɗo masa tsarkiya ta biyu da kibau 12 na kabon ko alminiyam a kwali guda, ya kuma tsaya a buɗe a gabansa a ƙirga kafin ya cika kuɗi.