Wace manhaja ce ta fi dacewa da lallaɓa layukan taswirar yanayi?

Ɗalibin da ya taɓa zana layukan matsin iska na Afirka ta Yamma a kwamfuta, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, ya san yadda suke fitowa a karon farko: nan kusurwoyi kamar haƙoran zarto, can 'yan zobba ƙanana a warwatse kan tudun Jos. Kafin ka fitar da ko sisi, ka fara gane cutar da ke damun taswirarka, domin iri biyu ce, kowacce da maganinta.

Kusurwa mai kaifi daga faɗin idon ragar bayanai take zuwa, wato tazarar da ke tsakanin ɗigogin da ke ɗauke da lambobin yanayi. ERA5 da GFS, kundayen bayanan yanayi na duniya, suna ba da lamba a kowane digiri 0.25, kusan kilomita 28 tsakanin ɗigo da ɗigo, tsohon kundin NCEP na Amurka kuwa digiri 2.5 ne. Manhaja tana haɗa ɗigogin da miƙaƙƙen layi, sai gwiwa ta fito. Maganinta a ƙara ɗigogi a tsakani kafin a zana. Zobba da karkace-karkace kuwa a cikin lambobin suke. Idan aka mayar da matsin iskar wuri mai tsawo, kamar Jos da ya haura mita 1,200, zuwa matakin teku, lissafin yakan bar datti. Wannan sai an tace lambobin da kansu.

GrADS kyauta ce, tsohuwa ce, kuma ba ta cin ƙarfin kwamfuta. Umarninta na smth9 yana gauraya kowane ɗigo da maƙwabtansa takwas: na tsakiya nauyinsa 1.0, na gefe 0.5, na lungu 0.3. In sau ɗaya bai wadatar ba, a maimaita sau biyu ko uku. Tana kuma da csmooth mai ƙara ɗigogi, amma a yi hattara da shi wajen ruwan sama, don yana iya ƙirƙiro lambar da ta gaza sifili. Ta fi jin daɗin Linux, kuma taswirarta ba ta da ado sosai.

Python, harshen rubuta manhaja, tare da kayan lissafinta MetPy da SciPy, ita ce ta fi ba mutum iko, ita ma kyauta. Matatar Gauss da ke cikin SciPy tana aiki da awo mai suna sigma, wanda ake ƙirgawa da ɗigon raga. Sigma 2 a kan ragar 0.25 kusan kilomita 55 ke nan, kuma 2 zuwa 4 yakan wadatar ga matsin iska idan ana zana layi a kowane hektofaskal 2 (awon matsin iska), kamar yadda aka saba a ƙasashe masu zafi. Abu biyu ne ke yawan ɓata aikin. Idan akwai gurbin da babu lamba, matatar tana yaɗa gurbin zuwa maƙwabta har ya zama rami. Sannan bakin taswira yakan lanƙwashe, saboda haka ka sauko da yankin da ya fi wanda kake so faɗi da digiri 3 zuwa 5 ta kowane ɓangare, ka tace, sannan ka yanke. Kuɗin Python lokaci ne: sai ka ba ta makonni kafin hannunka ya faɗa.

QGIS ta fi kowacce sauƙin shiga, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kayan lallaɓa layin da ke cikinta yana aske kusurwa bayan an riga an zana layin, ɗaya bayan ɗaya, bai san da layin da ke kusa ba. Inda layuka suka matsu da juna, sai ka ga layin hektofaskal 1008 ya taɓa na 1010, abin da ba ya yiwuwa a sararin samaniya. Zobban dattin ma suna nan, sai dai sun ƙara kyau. In da ita za ka yi aiki, ka tace ragar tukuna, ka fitar da layukan, sannan ka aske sau ɗaya kawai. ArcGIS kuwa sai da lasisi da dala.

Surfer ta kamfanin Golden Software ita ce ta kuɗi da ta cancanci a duba, musamman ga mai lambobin tashoshin NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, a warwatse wanda yake son mayar da su raga. Windows take buƙata. Ka gwada ta na 'yan kwanakin gwaji da ainihin bayananka kafin ka biya, kuma ka guji kwafin sata da ake turawa a filashi, don cutar kwamfuta na iya cinye maka aikin shekara.

Wanda zai riƙa fitar da taswira kullum daga ERA5, Python ce tasa. Mai aikin kammala digiri da taswira goma kacal, GrADS ta ishe shi, kuɗin ya ƙara a kan kwamfuta mai RAM gigabait 8 da batir mai riƙe caji.

Kowacce ka ɗauka, ka sassauta hannu wajen tace ma'aunin raɓa, wato matakin sanyin da iska za ta kai kafin raɓa ta sauka. Layinsa na digiri 15 na Celsius shi ake bi a gano ITD, iyakar da iskar damina ke karo da busasshiyar iskar arewa, wadda ke ratsa Zariya wajajen Afrilu. A wurin lambobin suna sauyawa cikin ɗan gajeren nisa, kuma tacewa mai yawa tana baje iyakar har ta gusar da ita. Kada sigma ya wuce 1 a nan, kuma ka ɗora layin da ka tace a kan na asali da wata kala, ka duba ko ya bar wurinsa.