Felsef na waje ko sabon rimot na 2.4 GHz: wanne zai hana motar nitro ƙwacewa?

Wani ɗan'uwa a nan Yamai ya yi tambaya: ƙaramar motarsa ta wasa ta nitro, wato mai injin da ke shan mai, tana aiki da tsohon rimot na 27 MHz, ta ƙwace masa totur a buɗe, katanga ce ta tare ta. Kuɗin hannunsa abu ɗaya za su saya, ko ɗan akwatin felsef (na'urar da ke tsaida mota in saƙon rimot ya yanke) da ake jonawa daga waje, ko sabon rimot na 2.4 GHz mai felsef a cikin risibarsa (na'urar da ke karɓar saƙon rimot a jikin mota). Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ni dai sabon rimot zan ce maka, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa ya fi zaɓin kansa muhimmanci.

Aikin felsef ɗaya ne a duka biyun: in saƙon rimot ya yanke, ya maida sarbon totur (ɗan injin lantarkin da ke buɗe totur da rufe shi) inda ka tsara masa, wato totur a rufe, birki a kame. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne yake gane cewa saƙon ya yanke.

Na waje ana jona shi tsakanin risiba da sarbon totur. Ba ya jin abin da ke cikin iska, abin da risiba ta miƙo masa kawai yake dubawa. In saƙon ya ɗauke ko ya hargitse sarai, zai kama birki. Matsalar ita ce tsohuwar risiba ta 27 MHz ba ta san mai ita ba. Duk wanda ya kunna rimot mai kiristal irin naka (ɗan abin da ke tsaida zangon da rimot da risiba ke aiki a kai), risibarka za ta iya karɓar umarninsa ta miƙa wa felsef, shi kuma ya ga saƙo lafiyayye ya bar shi ya wuce. Kamar mai gadi ne da ke duba takarda ba ya duba fuska. Ga kuma rawar da sarbo ke yi in hayaniyar lantarki ta shiga, wadda ba kullum take kai matakin da zai tada felsef ba.

Na 2.4 GHz kuwa, tun ranar da ka ɗaura risiba da rimot ta riƙe lambarsa, ba ta sauraron wani. Mafi yawansu suna tsalle daga zango zuwa zango, shi ya sa mutum goma za su yi wasa a fili ɗaya ba wanda ya tambayi wani launin kiristal ɗinsa. Risibar da kanta take sanin saƙo ya daina zuwa, ba sai an gaya mata ba. A wannan fannin tazarar tana da yawa.

Sai dai na waje yana da abin da ya fi da shi, kuma bai kamata a raina ba: da yawansu suna lura da ƙarfin batir. In batirin risiba, mai bolt 4.8 ko 6, ya fara sauka, sai su kama birki tun da sauran ƙarfi a sarbo. Wasu manyan rimot, irin na Futaba, suna da wannan a ciki, amma masu araha ba duka ba. Duba takardar wanda za ka saya.

Yanzu ga sharaɗin. Felsef na ciki ba ya zuwa a shirye don motarka. Wasu risibobin, in ba a saita su ba, sarbo yana tsayawa daidai inda saƙo ya bar shi, in a buɗe yake a buɗe zai zauna. A na Spektrum ana ɗaukar matsayin felsef lokacin ɗaura risiba da rimot, a wasu na Flysky kuma akwai ɗan maɓalli a jikin risiba da za ka danna kana riƙe da birki. In daga baya ka juya alkiblar sarbon totur, dole ka sake saitawa, in ba haka ba abin da ka tsara a matsayin birki zai zama cikakken totur. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin mutum yana ganin ya tsira alhali ya ɗana wa kansa tarko. Gwajin ba wuya: injin a kashe, ja totur, kashe rimot, ka ga inda sarbo ya koma. Sannan ka maimaita da injin a kunne, tayoyi a sama.

Akwai kuma inda dukansu biyu ba su da ta cewa. In wayar batir ta fizge saboda girgiza, ko makunni ya cika da ƙurar hunturu ya yanke wuta, sarbo ya mutu, felsef ma ya mutu tare da shi, injin nitro kuwa ba ruwansa da batir, zai ci gaba da gudu. Abin da ke ceto a nan shi ne ɗan sifirin da ake maƙalawa a hannun kabureta don ya ja totur ya rufe. Ko a Kasuwar Katako za ka iya neman wanda zai yi. Gwada shi da wuta a kashe, in bai iya rinjayar sarbo ya rufe totur ba, bai yi ba.

Kafin ka kashe ko dala, duba batirin risibar da kake da shi. Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana haura digiri 40, batirin da ya wuni cikin mota a rana ba abin yarda ba ne. In ka sayi na 2.4 GHz, kada ka yanke eriya, ƙarshenta mai tsawon kusan santimita 3 shi ne mai aikin, ka tsayar da shi sama nesa da ƙarfe. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Masu motar batir da za su tambaya: naku yawanci ba ƙwacewa ba ce, ɗaukewa ce ta ɗan lokaci idan sarbon sitiyari ya ja wuta da yawa har risiba ta mutu ta sake tashi. Kondansa ɗaya (ɗan abin da ke tara wutar lantarki) a ramin risiba da ba a amfani da shi yakan rage wannan.