Commodore 64 ta gwanjo: a auna kafin a jona

Jefi-jefi akan ci karo da tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64 cikin kayan gwanjon da ke zuwa daga Turai, a wajen masu kayan lantarki na Circle ko a teburin mai gyara a Nima, duk a Accra. Ta cancanci saye, amma ba ga mai gaggawa ba.

Kamfanin Commodore na Jack Tramiel ya fito da ita a 1982 a kan dala 595, bayan kwamfutocinsa PET ta 1977 da VIC-20. Lambar 64 girman ma'adanarta (RAM) ce, kilobait 64, wurin da ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Abin da ya sa har yanzu ake nemanta shi ne ƙwayar sautinta, SID 6581, mai murya uku. Kamfanin ya durƙushe a 1994, don haka ƙwayar da ta ƙone sai a ciro daga wata matacciyar ko a sa ta kwaikwayo.

Babban makashinta akwatin wutarta ne. Yana ba da volt 5 na DC da volt 9 na AC, kuma galibi an cika cikinsa da daskararren gam, ba ya gyaruwa. Idan ya tsufa, volt 5 ɗin kan haura ya ƙone ƙwayoyin RAM. A sa mita a auna volt 5 ɗin tukuna. In ya wuce 5.2, a nemi sabo. A kuma karanta jikinsa, domin na Amurka wutar 120 yake sha, tamu ta Gana kuwa 230 ce. In aka ɗauke wuta a zare shi daga soket, dumsor ba ta san tsohon kaya ba.

Mai lafiya tana buɗewa da shuɗin allo, ta rubuta 38911 BASIC BYTES FREE. Lamba ƙasa da haka, RAM ce ta taɓu. Baƙin allo kuwa sau da yawa ƙwayar PLA ce, mai yawan ɗaukar zafi. Maɓallan da suka ƙi amsawa ƙurar hunturu ce, auduga da sifirit sun wadatar.

Na'urar faifanta 1541 tafiyar hawainiya take, faifan kuma kilobait 170 kacal yake ɗauka. SD2IEC, na'urar da ke maye gurbinta da katin memori irin na waya, ta fi sauƙi. Wanda wasa kawai yake so ya nemi THEC64 Mini, ƙaramar kwaikwayonta ta 2018, mai wasanni 64 da HDMI, sai dai maɓallanta na ado ne, ba sa dannuwa.