Sabuwar Na'urar Binciken Jakar Hannu a Filin Jirgi: Abin da Ta Iya da Inda Ta Tsaya

Sau uku na bi ta gaban wannan na'ura a tafiya ɗaya a Turai, kuma abin da na fara lura da shi shi ne babu wanda ya ce in ciro kwamfuta daga jaka. Tana aiki ne irin na na'urar CT ta asibiti: tana ɗaukar hoton jaka daga kowace kusurwa, ta harhaɗa shi ta yadda jami'i zai juya shi a kan allo, ya leƙa abin da ke ɓoye a bayan wani abu. Tsohuwar na'ura hoto a shimfiɗe kawai take bayarwa.

Wanda ya san abin da ya faru a Lokabi, wani gari a Sikotilan, zai gane darajar wannan bambanci. A ranar 21 ga Disamba 1988, jirgin Pan Am mai lamba 103 ya tashi daga Landan zuwa Niyok, ya tarwatse a sararin samaniyar Sikotilan, mutum 259 da ke cikinsa da wasu 11 a ƙasa suka rasu. An cusa sinadarin Semtex mai fashewa ne a cikin rediyo mai kaset, aka sa a akwati, kuma irin wannan sinadari mai laushi yana da wuyar ganewa a hoton na'urorin wancan zamani. Shi ya sa yarjejeniyar Montiriyal ta 1991 ta wajabta a riƙa sa wa irinsa wani sinadari da zai tona shi.

A wajen gani, ban sami abin kushewa ba. A wajen sauri kuwa, an yabe ta fiye da kima. Bel ɗinta yana tafiya a hankali, kuma a ɗaya daga cikin filayen an ware jakata gefe saboda sabulu guda biyu, na tsaya jira har aka zo aka buɗe ta. Maganar ruwa ma ba ta daidaita ba. Dokar mililita 100, wato iyakar girman kowace kwalbar ruwa a jakar hannu, ta samo asali ne daga makircin tarwatsa jirage da bam na ruwa da aka bankaɗo a Ingila a Agustan 2006, an kuma yi alkawarin wannan na'ura za ta kawar da ita, amma Birtaniya ta maido da dokar a Yunin 2024 a filayen da suka sassauta, Tarayyar Turai ta bi sahu a Satumba. Gara matafiyi ya duba ƙa'idar kowane fili, har da na komawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwatin Lokabi bai bi ta layin fasinjoji ba. Kotun da ta samu ɗan Libiya Abdulbasit al-Megrahi da laifin harin a 2001 ta amince cewa akwatin ya taso daga Malta ta Farankfot ba tare da mai shi ba, kamar yadda mutumin da ya ba da akwatin da ya hallaka mutum 329 a jirgin Air India a 1985 bai hau jirgin ba. Maganin wannan shi ne binciken akwatunan da ake lodawa a ƙasan jirgi da ƙa'idar sauke akwatin duk wanda bai shiga ba, ayyukan da ake yi a inda fasinja ba ya gani.

Na gamsu da na'urar a kan aikin da aka yi ta dominsa, wato jakar hannu, muddin jami'in da ke gaban allon yana da horo kuma ba a bar shi ya gaji ba.