Girkin mako a rana ɗaya ko ɗora tukunya kullum: wanne ya fi sauƙi ga aljihu?

'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce ke da maigida duk kuna fita aiki, ga yara huɗu, ba kya shigowa gida sai wajen shida na yamma, kuma kuɗin cefane ba ya ganin ƙarshen wata. Wata ta ce ki riƙa girka abincin mako gaba ɗaya ranar hutu ki zuba a firiza, wata kuma ta ce wahalar banza ce, ki ci gaba da ɗora tukunya kullum. Duka biyun na yi su, kowanne ya ɗauke ni shekaru, don haka bari in jera miki su kusa da juna ki duba da kanki.

Amma sai mun fara shirya ma'auni. A gidan da ake fita aiki, ƙofa biyu kuɗin abinci ke bi ya sulale. Ta farko ita ce abin da aka saya ko aka dafa, ya lalace, aka zubar. Ta biyu ita ce daren da kika dawo a gajiye, ba a ɗora komai ba, ƙaramin yana kukan yunwa, aka ce a je a sayo na waje. Mutane suna raina ta farkon saboda kaɗan-kaɗan take ci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, wato kusan kilo 79 a kan kowane mutum a shekara. Har da ɓawo da ƙashi a lissafin, amma ko an cire su, ki tuna ku shida ne. To duk tsarin da ya fi toshe waɗannan ƙofofi biyu a gidanki, shi ne mai araha.

Idan lissafi kawai za a bi, girkin mako ne a gaba. Cefane sau ɗaya ne, da takarda a hannu, kuma wanda ya sayi abu da yawa ya fi mai sayen ɗan yau samun sauƙi. Wuta ma haka. Miyar kwana huɗu a tukunya ɗaya ba ta cin gas ɗin miya huɗu, domin sau ɗaya za ki soya albasa, sau ɗaya tukunya za ta ɗauki zafi, sau ɗaya ruwan tumatir zai ƙone. Ɗanyen kaya kuma ba ya samun damar yin yaushi a kwando, ranar da ya shigo ranar ya shiga tukunya. Ƙofa ta biyu kuwa girkin mako ya rufe ta ruf, don duk gajiyar mutum ba ya kasa ɗumame.

Girkin kullum yana da tasa ribar, sai dai ba a cika lissafa ta ba. Kina dafa daidai bakin da ke gida a daren. Idan maigida ya yi tafiya ko babban yaro ya kwana wajen 'yan'uwa, sai ki rage awo. Abin da ya yi araha yau shi za ki saya, ba sai kin bi takardar da kika rubuta kwana biyar baya ba. Ba kya biyan wutar firiza, ba kya tara robobi. Inda yake cutar mutum shi ne yawan shiga kasuwa. Ban taɓa zuwa sayen abu uku na dawo da uku ba, balle in da yaro a hannu. Sannan ga ragowa: rabin kabeji, karas biyu, guntun ganye, kowanne an ajiye shi da niyyar gobe, goben kuma wani abu daban aka dafa.

Batun lokaci ba sai na ja shi ba. A hannuna girkin dare daga yanka zuwa wanke-wanke yana cin awa ɗaya da rabi, dare biyar ya kama awa bakwai da rabi. Girkin mako awa huɗu zuwa biyar ne, sai 'yan mintunan ɗumame. Akwai rara, amma ki san da me kika biya ta. Ranar hutunki ce ta tafi, a tsaye, kuma ita ce ranar wanki da gyaran kan yara da ziyara. Na sha kwanciya daren Lahadi bayana kamar zai rabe, firiza cike, ni kuwa babu sauran ƙarfin shiga Litinin.

Yanzu ga inda masu ba da shawarar girkin mako suke tsallakewa, kuma nan ne ya kamata ki fi tsayawa. Dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4 yake yi a firij, haka ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙayyade, kuma wannan idan sanyin firij ɗin bai haura digiri 4 ko 5 a ma'aunin Selsiyos ba. Ke nan abin da kika dafa Lahadi, Alhamis ce iyakarsa. Na Juma'a da Asabar dole firiza, wadda sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Wadda take da firij kaɗai ba ta da girkin mako, na rabin mako gare ta.

Sanyaya abincin ma aiki ne mai zaman kansa. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Idan garin ya yi zafi har ya haura digiri 32, awa 1 ce. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne tura ƙatuwar tukunya cikin firij yadda take. Gefenta ya yi sanyi, tsakiyarta kuwa tana nan da ɗumi har tsakar dare, kuma tana ɗumama duk abin da ke kusa da ita. A raba abincin a robobi masu faɗi marasa zurfi, ya fi saurin hucewa. Mai ruwa-ruwa kada a cika shi baki da baki, ruwa yana kumbura idan ya daskare, zai ɗaga murfi ko ya fasa robar. Kowace roba ta zama cin dare ɗaya, don abin da aka narkar aka ɗumama ba a sake mayar da shi. A narkar a cikin firij tun daren jiya, a ɗumama har sai ya tafasa ko tururi ya fito daga tsakiyarsa.

Shinkafa ta fi kowa rigima. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma gubar ba ta jin ɗumame. Shinkafar ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba, sai dai a ga yara suna amai. Hukumomin lafiya a Birtaniya cewa suke a sanyaya ta cikin awa 1, a cinye cikin awa 24 idan a firij take. Abin da ke dahuwa cikin minti ashirin, gara a dafa shi sabo a huta da wannan fargabar.

Sai wutar lantarki. Idan ta ɗauke, firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 muddin ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, wadda take rabi awa 24. Mai girkin kullum idan abu ya lalace mata, tukunya ɗaya ta rasa. Mai girkin mako cefanen kwana bakwai da gas ɗinsa da wahalar yininta duk ta ɗora su a kan waya ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni, ba ma ɗaukewar wuta ba, yaro ne ya zare filogi zai yi cajin waya ya manta. Garin neman gira muka rasa ido. Idan wutarku ba ta tsayawa, kada ki bari kowa ya ruɗe ki da hoton firiza cike da robobi.

Ta wajen ɗanɗano girkin kullum ya yi nasara, ba gardama, amma ba a komai ba. Miya, wake da naman da ya dahu cikin romo suna jure firiza, wasu ma sun fi daɗi bayan sun kwana. Taliya caɓewa take yi, dafaffen dankali ya koma ruwa-ruwa, farin dafaffen ƙwai ya yi tauri kamar roba, soyayyen abu ya saki jiki, ɗanyen ganye da kokwamba kuwa kada ma a fara. Babbar matsalar dai gundura ce. Manya suna iya haƙuri da abu ɗaya dare uku a jere, yara ba sa yi. Ran Litinin a sha santi, ran Laraba a fara juya cokali, ran Alhamis a ce an ƙoshi, bayan awa ɗaya kuma a zo ana neman burodi. Abin da aka bari a faranti shara zai tafi, kin ga ƙofar farko ta sake buɗewa ta baya.

Ni abin da na zauna a kai, kuma shi nake ganin ya dace da gida irin naki, rabin girki nake ce masa. Ranar hutu ina yin abin da ke cin lokaci da wuta ne kawai, awa biyu ta ishe ni. In markaɗa tumatir da albasa da yawa, in dafa har ruwan ya ƙone, in soya, amma ba na sa masa kayan ƙamshin da za su ba shi fuska ɗaya. In dafa wake tukunya guda, wanda na jiƙa tun dare don ya yi saurin dahuwa. Busasshen wake kofi ɗaya yana ba da fiye da kofi biyu idan ya dahu, kuma ya fi nama araha nesa ba kusa ba, don haka dare biyu a mako shi ne madadin nama a gidana. Idan kina da tukunyar firesha, mai kulle tururi, nan ne take biyan kuɗinta, domin ruwa a cikinta yana kai wajen digiri 120, wake da nama mai tauri su dahu cikin ƙasa da rabin lokacin da suka saba. Kaza kuma guda nake saye in yanka da kaina, in tafasa, in ware tsokar, ƙashin da wuyan su koma tukunya su ba ni romo. Na kwana uku ya shiga firij, sauran firiza, kowace roba da kwanan wata a jikinta. Kada ki ce za ki tuna, daskararren abu duk kamarsa ɗaya.

Da yamma sai abin da ba ya wuce rabin awa. Shinkafa minti ashirin, taliya minti goma, ƙwai minti biyar. Wannan soyayyen tumatir ɗin yau ya zama miya a kan shinkafa da kaza, gobe a juya taliya a cikinsa, jibi a zuba wake da romo, gata a fasa ƙwai a kai a ci da burodi ko dankali. Tushe ɗaya ne, amma yara ba su taɓa kama ni ba. Shinkafar ma babban yaro ko maigida, duk wanda ya riga shigowa, zai iya ɗora ta kafin ki iso, tunda mai wuyar an riga an gama.

Kada ki tsara dare bakwai, ki tsara biyar. Dare ɗaya na ɗumame ne, a fito da duk ragowar da ke firij a cinye kafin zuwa cefane. Ɗayan ki bar shi fili, don ba a rasa baƙo ko gayyata ko ranar da ba wanda ke jin yunwa. Takardar cefane kuma a gaban buɗaɗɗen firij da kabad ake rubuta ta, a fara da abin da ya kusa lalacewa, a gina abincin Litinin a kansa. Ki ware taliya ƙulli ɗaya da kifin gwangwani da ba a taɓawa sai daren da komai ya rikice.

Akwai lokacin da zan ce ki koma gefe ɗaya gaba ɗaya. Idan haihuwa ta matso, ko aikin dare ya kama ki, ko za ki yi tafiya ki bar su, kuma wuta tsayayya ce, cika firizar da cikakken girki, gundurar mako biyu ba ta kashe kowa. Idan kuma sanyin ba abin dogaro ba ne, ki tsaya a girkin kullum, sai dai sarinki ya zama na busassun kaya, shinkafa, wake, taliya, mai da albasa, ɗanyen kuma na kwana biyu-biyu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni daga nesa nake hasashe. Ki manna takarda a ƙofar firij na mako biyu kafin ki sauya komai. Gefe ɗaya ki rubuta duk abin da aka zubar, ɗaya gefen duk daren da aka sayo na waje da abin da aka kashe. Idan gefen sayen waje ya fi tsawo, ki ƙara abin da kike dafawa ranar hutu. Idan na zubarwa ne, ki rage awo da yawan cefanen ɗanye. Ki dawo ki gaya mana abin da takardar ta nuna, kuma ki faɗa mana ko firiza gare ki ko firij kaɗai, sai mu san robobi nawa za mu ce ki cika.