Hattara da masu sayar da "Pokémon Green" na Turanci: babu shi, ba a taɓa yin sa ba

Jama'a, masu sha'awar tsofaffin wasannin Game Boy, na'urar wasan hannu ta kamfanin Nintendo, ku yi hattara da wani tallan da ke yawo a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Mai tallan zai sa hoton koren kaset, da hoton Venusaur, ɗaya daga cikin halittun wasan, a jikin takardar, an rubuta Pokémon Green Version da Turanci. Zai ce na asali ne, an buga kaɗan aka janye shi daga kasuwa, shi ya sa yake da tsada. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kamfanin Nintendo bai taɓa fitar da Green da Turanci a kan tsohon Game Boy ba, ko a Amurka, ko a Turai, ko a wata ƙasa. Duk wanda ka gani jabu ne, komai kyan bugunsa.

Abin da ya sa damfarar take cin mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Green ɗin akwai shi, amma a Japan. Ranar 27 ga Fabrairu, 1996 aka fitar da Pocket Monsters Red da Green a can (Pocket Monsters shi ne cikakken sunan Pokémon), aikin kamfanin Game Freak ƙarƙashin Satoshi Tajiri. A watan Oktoban shekarar aka ƙara fitar da Blue, da farko ta hanyar oda ga masu karanta mujallar CoroCoro, an sake zana halittun, an gyara wasu kurakurai. Da aka zo kai wasan Amurka a watan Satumban 1998, sai aka ɗauki zane da tsarin wannan Blue na Japan, aka haɗa da rabon halittun Red da Green, wato waɗanda ake kamawa a wannan ba a kamawa a wancan, aka fitar da su da sunan Red da Blue. Turai ta samu nata a 1999. Ke nan abin da Bature ya sani da Blue, ta fuskar halittun da ke cikinsa, shi ne magajin Green. Kore bai shiga Turanci ba sai 2004, lokacin da aka sabunta wasan a Game Boy Advance da sunan FireRed da LeafGreen, kuma wannan wani kaset ne daban, ƙarami, ba ya ma aiki a tsohon Game Boy. Ko a 2016 da aka sake sakin tsofaffin a na'urar 3DS, Green a Japan kaɗai ya tsaya.

Launin kaset ɗin kansa yana tona asiri. Red da Green na Japan a cikin kwanso ruwan toka suka zo, irin na sauran wasannin Game Boy, takardar da aka manna ce kawai take da launi. Kwanso ja da shuɗi na Amurka da Turai ne. Saboda haka koren kwanso ba na Japan ba ne, ba kuma na Yamma ba ne. Masu buga jabu ne suka ƙirƙiro shi don ya dace da abin da mai saye yake zato. Cikinsa kuwa ɗayan biyu ne: ko Blue na Turanci da aka sauya wa allon farko, ko wata tsohuwar fassarar bayan fage mai karyayyen Turanci da ba ka gane abin da mutanen cikin wasan suke faɗa.

Ni ba ni da rigima da wanda ya ce maka "kwafi ne, ga kuɗinsa kaɗan, in kana so". Wannan ciniki ne a fili, kai ka san abin da ka saya. Wanda nake magana a kansa shi ne mai rantsuwa da Allah cewa na asali ne, yana neman kuɗin kayan tarihi a kan robar da aka buga jiya. Abin yana ɓata mini rai musamman saboda waɗanda ake cuta galibi matasa ne da suka tara kuɗinsu da ƙyar, ko magidanta masu son su riƙe wani abu na ƙuruciyarsu su nuna wa 'ya'yansu.

Akwai salo na biyu da ya fi wayo. Nan kaset ɗin na gaske ne, na Japan, ruwan toka, komai daidai. Ƙaryar tana cikin bayanin. Za a ce maka abu ne da ba a samu, alhali Red da Green da Blue sun sayu fiye da miliyan 10 a Japan kaɗai, kuma tsiraran kaset ɗinsu, marasa kwali da takardu, suna cikin masu sauƙin samu a shagunan kayan hannu na can. Sannan ba za a gaya maka ba cewa rubutun ciki duk Japananci ne, babu inda ake sauya harshe. Game Boy ba ya ƙin kaset ɗin wata ƙasa, don haka zai kunna lafiya lau, mai sayarwa ya ɗauki bidiyo ya turo maka, kai kuma sai kaya ya iso ka ga ba ka iya karanta ko sunan hari ɗaya. Mafi muni, idan ka jona kebul tsakanin na Japan da na Turanci don musayar halittu, kana iya lalata ajiyar wasan duka biyun, domin yadda suke tsara bayanai ya bambanta. A na Japan suna ba ya wuce haruffa 5, a na Turanci sunan halitta yana kai 10. A na Japan akwatunan ajiya 8 ne, kowanne yana cin 30. A na Turanci 12 ne, kowanne 20. Wanda ya ce maka za su yi aiki tare, ko bai sani ba, ko yana so ya rabu da kayansa ne.

Bambance-bambancen gaskiya suna da daɗin sani, kuma su ne ɗan damfara yake haddacewa don ka ɗauka masani ne. Zanen halittun Green na farko ya fi kaushi, halittar nan Mew ta ciki ma da ƙyar za ka gane ta. Kogon Cerulean, inda halittar Mewtwo take, taswirarsa daban ce da wadda 'yan Yamma suka sani. Tsohon da ke kwance ya tare hanya a garin Viridian, a Japananci buguwa ya yi, a Turanci aka mayar da shi wanda bai sha kofi ba tukuna. Duk waɗannan haka suke. Amma idan ya fara ba ka labarin cewa kiɗan garin Lavender na bugun farko ya halaka yara a Japan har aka hana shi, kuma nasa kaset ɗin yana ɗauke da wannan "haramtaccen kiɗa", to ka tashi. Tatsuniyar intanet ce. Abin da ya faru da gaske ya shafi talabijin ne: ranar 16 ga Disamba, 1997 wani kashi na shirin katun na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kai ɗaruruwan yara asibiti. Babu ruwan kaset ɗin wasa a ciki, kuma babu wanda ya kamata ya ƙara maka ko sisi saboda wannan labari.

In har kana son saye, ka nemi hotuna na kusa, gaba da baya da ciki. A gefen takardar akwai lambar kaya: Green na Japan DMG-APBJ-JPN ne, Red na Amurka DMG-APAE-USA, Blue na Amurka DMG-APEE-USA. Takarda mai rubutun Pokémon Green Version da lambar JPN, ko mai sunan Green da lambar USA, ta gama ba ka amsa: jabu ce. A kan takardar asali akwai 'yan lambobi da aka danna da ƙarfe, ba tawada ba, sai ka karkata ta ga haske kake ganinsu. Yawancin jabu ba su da shi. A baya akwai noti guda mai kai na musamman. Idan aka kwance shi, allon lantarkin da ke cikin na asali yana ɗauke da sunan Nintendo da ƙananan na'urori masu ƙafafu da rubutu a kansu, da batiri mai kamar kwabo da aka liƙe. Na jabu sau da yawa allon gajere ne, da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin buɗewa. Wanda ya ce buɗewa zai rage masa daraja, alhali kaset ne tsirara da ya sha hannu, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ka tambayi batirin ma. Shi ke riƙe ajiyar wasa, kuma na shekarun 1990 da yawa sun mutu ko suna dab da mutuwa. Canza shi ba aibu ba ne, mai gyaran waya da ya iya liƙi zai yi maka, amma a gaya maka kafin ka biya. Ka ce ya yi ajiya, ya kashe na'urar, ya cire kaset, ya jira, ya mayar, duk a bidiyo ɗaya ba yankewa.

Sai na ƙarshe, wanda ba shi da kaset ko na jabu. Hotunan daga shafukan gwanjo na ƙasashen waje ya kwaso su. Zai ce kayan suna hanya daga Japan, ka tura rabin kuɗi a riƙe maka domin wani ma yana nema. Ka tura, bayan kwana biyu ya ce kwastan sun riƙe, a ƙaro na fito. Ka ƙara, ya toshe lambarka. Maganinsa ka sa ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da kaset ɗin ya ɗauka. Ka duba ko sunan asusun bankin ya yi daidai da sunan mai shafin. Kada ka biya sai kaya yana hannunka ko hannun wanda ka amince da shi a garin da mai sayarwa yake. Idan kuma an riga an cuce ka, ka adana hotunan hirarku da shaidar tura kuɗi, ka kai wa bankinka ƙorafi a ranar, ka kai rahoton shafin, ka kuma sanar a zauren da ka ga tallan domin yana nan yana jiran na gaba.